Me ya sa ƙwan durgu ba sa ƙyanƙyashewa duka?

Ka ce ka haɗa zakaran Chabo da ya fi kowane gajeren ƙafa da kazar da cikinta ke kusan shafar ƙasa. Ta yi kwanci a kan ƙwai 8, ta sauko da 'yan tsaki 5, uku suka zama ɓaragurbi, cikin biyar ɗin ma biyu masu dogayen ƙafa ne. Kana tambaya ko kazar ce ba ta iya kwanci ba, ko abinci za a canza mata. To yarona, ƙyale kazar nan ta huta. Matsalar tana wurin haɗin da ka yi.

Chabo ƙaramar kazar ado ce ta Japan, kuma abin da ake so a jikinta shi ne ta zama durgu: ƙafa gajeriya, jela a tsaye, fukafukai suna sharar ƙasa. Wannan gajarta ƙwayar gado guda ce ke kawo ta. Kowane ɗan tsako yana karɓar ƙwaya ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wanda ya sami ta gajarta ɗaya da ta tsawo ɗaya, shi ne durgun da kake gani yana yawo. Wanda ya sami ta tsawo biyu zai fito da dogayen ƙafa, lafiyarsa ƙalau. Wanda kuwa ya haɗa ta gajarta biyu ba ya fitowa sam, a cikin ƙwai yake mutuwa, galibi tun kwanakin farko na kwanci. Ke nan duk durgun da ke raye, komai kyansa, yana ɗauke da ta tsawo a ɓoye, kuma ba za ka taɓa wanke garkenka daga ita ba.

Yi lissafin da kanka. Durgu da durgu: cikin kowane ƙwai 4, a matsakaici, biyu durgu, ɗaya dogo, ɗaya matacce. Durgu da dogo: biyu durgu, biyu dogaye, babu mai mutuwa ta dalilin gado. Ka lura? Yawan durgun da za ka samu bai canza ba, rabin ƙwan ne ko ta wace hanya. Abin da haɗin farko ya ƙara maka kawai shi ne ɓaragurbi. Akwai masu kiwon da ke nacewa a kan durgu da durgu, suna cewa siffar tsakin ta fi fita, ban kuma hana su ra'ayinsu ba. Ni dai a akurkina dogon da ke da kyan jela da kyan launi ba ya rasa aiki, musamman idan zakara ne, domin zakara durgu yana shan wahala wajen barbara, ƙafar ba ta kai shi inda yake so. Abu ɗaya kada ka yi: dogo da dogo ba za su taɓa ba ka durgu ba.

Amma kada ka ɗora wa gado duk ƙwai ukun nan, ba ka duba ba ka zubar da su. Nan gaba, a kwana na 7 ka ɗauki tocila da dare ka haska kowane ƙwai. Mai rai za ka ga jijiyoyin jini sun bazu a ciki. Wanda haske ya ratsa tas, galibi zakara bai kama shi ba tun farko. Wanda ka ga zoben jini a jikin ɓawo, ya fara ya mutu, a nan ne za ka fara zargin gado. Idan kuwa kwana 21 suka wuce ka fasa ka tarar da tsako cikakke da gashinsa, sai ka tambayi kanka ko kazar ta daɗe a waje, ko gurbin ya bushe da yawa. Ƙananan kajin nan ma sukan riga lokaci da kwana ɗaya, don haka tun kwana na 19 ka daina taɓa gurbi.

Fingi, kazar nan mai gashi a murɗe, ita ma haka take, sai dai tata ƙwayar gadon ba kisa take yi ba. Haɗa fingi da fingi, kashi ɗaya cikin huɗu na tsakin za su fito da gashi mai karyewa, jiki duk a tsige, ba sa jure sanyi ko rana. A haɗa ta da mai kwantaccen gashi. Pekin da Silkie, wasu nau'in kajin ado, kuma tasu damuwar ta yawan gashi ce, idan ƙwansu na fitowa fanko ka rage gashin da ke kewaye da dubura da almakashi, na zakara da na kaza.

Yanzu ga aikinka. Ware kazar nan ita kaɗai idan ta yaye tsakinta, ta yi mako 3 ba zakara, domin kaza tana riƙe maniyyin zakara a jikinta sama da mako biyu, idan ka yi gaggawa ba za ka san uban tsakin ba. Bayan nan ka sa mata farin zakaran nan mai dogayen ƙafa da ka ce mu rabu da shi. Tara ƙwan kwana 7 kawai, a wuri mai sanyi, tsinin yana kallon ƙasa, kowanne ka rubuta masa rana da fensir. Ba wa Silkie ta kwanta a kai, ta fi kowace haƙurin gurbi, ita kuma Chabo ta ci gaba da saka. Ranar haskawa ka kira ni mu duba tare.