Tambaya da Amsa: Wai Bindigar Fim Tana Kisa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, an ba ni ƙaramin rol a wani shiri mai dogon zango. Zan fito a yaron bos, jarumi ya harbe ni in faɗi. Mahaifiyata ta kafe atafau ba ta yarda ba, wai ta ji an taɓa kashe mutum a wajen ɗaukar fim da irin wannan bindigar. Na ce mata ta wasa ce, ƙara ce kawai da hayaƙi. Don Allah ka raba mana gardama. Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanena, Hajiya ta fi ka gaskiya, ka je ka ba ta haƙuri tukuna, sannan ka dawo mu yi magana.

Idan bindigar ta roba ce ko ta katako, wadda sai a wajen tace fim ake ƙara mata wuta da ƙara a kwamfuta, ba abin fargaba. Matsalar tana wajen bindigar gaske da ake ɗura wa harsashin wofi, wato kwanso mai albarushi wanda ba shi da darma a baki. Mutane na ɗauka babu komai a ciki. Akwai. A 1984 wani ɗan wasan talabijin a Amurka, Jon-Erik Hexum, ya gaji da jiran a fara ɗauka, ya ɗora irin wannan bindiga a gefen kansa da wasa, ya ja kunama. Ƙarfin fashewar albarushin kaɗai ya fasa masa ƙashin kai, bayan 'yan kwanaki ya mutu.

Na Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, shi ne ya fi kama da fitowar da aka ba ka, don haka ka natsu. A watan Maris na 1993 ana ɗaukar The Crow a jihar North Carolina. Tun da farko an buƙaci harsasan ado, waɗanda za a nuna a kyamara kusa-kusa don a ga bindiga a ɗure take. Maimakon a sayo na musamman, sai ma'aikata suka ɗauki na gaske suka zazzage albarushin suka mayar da kan. Amma sun bar ɗan makunnin da ke gindin kwanson. Wani ya ja kunama, ɗan ƙarfin nan ya tura kan harsashin ya maƙale a cikin bututu, ba wanda ya lura. Daga baya aka ɗura harsashin wofi a wannan bindigar, ba wanda ya leƙa bututun. Da abokin wasansa ya harba, albarushi a baya, darma a gaba, ka ga harsashi ya cika ke nan. Ya samu Brandon a ciki. Ya faɗi kamar yadda aka rubuta a labarin, har aka ɗauka wasan ne ya yi kyau. Shekararsa 28.

Wadda Hajiya ta ji, ina kyautata zaton ta fim ɗin Rust ce. Ranar 21 ga Oktoba, 2021, a wani cocin katako a jihar New Mexico, mataimakin darakta ya miƙa wa jarumin fim ɗin, Alec Baldwin, bindiga ya ce babu komai a ciki. Gwaji ma ake yi, ba ɗauka ba. Harsashin gaske ya fita, ya ratsa ƙirjin mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ya tsaya a kafaɗar darakta Joel Souza. Ita ta mutu, shi ya rayu. A 2024 kotu ta ɗaure Hannah Gutierrez-Reed, mai kula da makaman fim ɗin, wata 18, shi kuma Baldwin alƙali ta kori shari'arsa saboda masu gabatar da ƙara sun ɓoye wata shaida. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da safiyar ranar wasu daga cikin masu kyamara sun tattara kayansu sun bar aikin, kuma cikin ƙorafinsu har da bindigogin da suka riga suka tashi bisa kuskure. An ji su, aka ci gaba.

To kai ga abin da za ka yi. Ka tambayi furodusa tun kafin ranar, wace irin bindiga ce, kuma daga ina aka samo ta. In ya ce aro aka yi wajen wani mai ɗamara ko mafarauci, ka ce a buɗe ta a gabanka, a cire komai, a haska bututun da tocila ka gani da idonka. Kada a saita ta a kanka kai tsaye. Mai kyamara da ya san aikinsa zai karkata kusurwa, mai kallo ba zai gane ba. Na san ciwon sabon shiga: kana tsoron a ce ka fiya iyayi, gobe ba za a kira ka ba. A ce ɗin.

Kuma kada hankalinka ya tsaya kan bindiga kaɗai, hanyar zuwa lokeshin ma abin dubawa ce. A watan Afrilun 2024 jarumin Nollywood Junior Pope da wasu ma'aikata huɗu suka mutu a kogin Neja wajen Asaba, kwalekwalensu ya kife. Ya saka bidiyonsa a cikin jirgin kafin hatsarin, ba rigar kariya a jikinsa. In aka ce ku cika mota da kayan aiki ku kama hanya da tsakar dare bayan wuni guda ana aiki, ka dubi idon direban.

TAMBAYA: Malam, kakana yana cewa Amitabh ya taɓa mutuwa a wajen ɗaukar fim ya dawo. Gaskiya ne ko zuƙi ta malle? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: 'Yar'uwa, ki gaishe da tsoho, bai yi nisa da gaskiya ba. Ranar 26 ga Yuli, 1982, a Bangalore, ana ɗaukar faɗa tsakanin Amitabh Bachchan da Puneet Issar a fim ɗin Indiya mai suna Coolie, inda Amitabh ya fito a Iqbal ɗan dako mai lamba 786. An tsara zai karɓi naushi ya faɗa kan tebur ya mirgina. Lissafin tsallen ya kuskure, gefen teburin ya daki cikinsa, ya yi mummunan rauni yana zubar jini ta ciki. Aka yi masa aiki a can, sannan aka kai shi asibitin Breach Candy a Bombay. Shi da bakinsa ya ce a ranar 2 ga Agusta likitoci sun ɗauke shi a matsayin matacce na 'yan mintoci kafin ya motsa, shi ya sa masoyansa ke kiranta ranar haihuwarsa ta biyu. A cikin jinin da aka ƙara masa ne ya ɗauki ciwon hanta, wanda yake fama da shi har yau.

A asalin labarin Iqbal mutuwa zai yi, sai darakta Manmohan Desai ya sauya ƙarshen ya bar shi da rai. In kin samu fim ɗin, ki lura da wajen faɗan: hoton yana tsayawa cak, rubutu ya fito yana cewa nan ne ya ji ciwon. Ki nuna wa kakanki wannan wurin.