Ta ina zan fara koya wa ɗalibaina aikin jarida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Agege, kuma yawancin ɗalibanmu 'ya'yan Hausawa ne haifaffun Legas. An ɗora mini kula da ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta, yara 18. Abin da suka iya shi ne kwafo labari daga intanet su karanta a taron safe. Ba mu da kyamara, ba mu da kwamfuta. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika ɗauki wannan nauyi da muhimmanci.

Ki kwantar da hankalinki game da kayan aiki. Littafin rubutu, biro da wayar hannu guda ɗaya mai ɗaukar murya sun ishe ki shekara guda cur. Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne kwafen nan. Yaron da ya saba karanta abin da wani ya rubuta ya koyi ɗaga murya a gaban jama'a, kuma wannan ma riba ce, amma bai taɓa tsayawa gaban babba ya yi masa tambaya ba, bai taɓa jin zafin a ce masa "ba haka na faɗa ba". A nan aikin jarida yake. Saboda haka daga mako mai zuwa ki kafa doka ɗaya: ba a karanta labari a taron safe sai wanda ɗan ƙungiya ya je da ƙafarsa ya samo.

Ki fara da ƙaramin labari da za a iya tabbatarwa. Farashin tumatir, alal misali. Ki raba su uku-uku, kowane rukuni da babba guda, su je kasuwa mafi kusa, ko Mile 12 idan akwai halin kuɗin mota, inda manyan motoci ke sauke tumatir da albasa da tattasai daga Arewa. Kafin yara su buɗe baki, ku fara zuwa wurin shugabannin kasuwa ku gaisa, ku faɗi abin da ya kawo ku. Duk wanda ya tsallake wannan gaisuwa zai sha "ban sani ba" har ya gaji.

Na san abin da za su dawo da shi, don na sha gani. Yarinya za ta miƙo miki takarda da layi ɗaya: "Tumatir ya yi tsada a kasuwa." Kada ki gyara mata. Ki zaunar da ita ki yi ta tambaya. Wane kwando, babba ko ƙarami? Nawa ne yau, nawa ne makon jiya? Wa ya gaya miki, dillali ne ko mai kasa kashi a bakin hanya? Daga Kano aka kawo ko daga Filato? Mutum nawa kika tambaya? Idan ɗaya ne, ai ra'ayinsa kika kawo. Za ta yi shiru, wataƙila har idonta ya cicciko, sannan ta koma ranar Asabar. Karo na biyu za ta zo da farashi daga bakin mutum uku, da direban da ya ce kuɗin man dizal da tsaye-tsayen hanya ne suka ƙara kuɗin dako, da wata mai sayar da abinci da ta rage tumatir a miyarta. Wannan komawa ta biyu ita ce darasin gaba ɗaya, kuma babu allon da zai koyar da ita.

Ki tsananta a kan suna. Ina sabon shiga aikin nan na taɓa rubuta sunan wani dattijo da sarautar da ba tasa ba, don na ji kunyar sake tambayarsa. Washegari ya zo har ofis riƙe da jaridar, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Yaro, da ka tambaye ni ai da na gaya maka." Har yau ban manta da tsayuwar da na yi a gabansa ba. Ki koya musu su karanta wa mutum sunansa da maganarsa kafin su bar wurin.

Inda za a fitar da aikin ba wuya. Kwali biyu a jikin bangon makaranta duk ranar Litinin, da rubutun hannu mai kyau, sun zama jarida. Ki naɗa edita, ki riƙa juya muƙamin duk wata, a kuma ware ɗan gurbi a ƙasa don gyaran kuskuren makon da ya wuce. Idan sun ƙware, su naɗi rahoton minti uku a waya a tura wa zauren iyaye na WhatsApp. Kafa tashar rediyo kuwa sai da lasisin NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, kada wani ya ruɗe ki da ƙaramar na'urar watsa shiri.

Yaranki suna da wata baiwa da ƙila ba su san darajarta ba. Ɗan Agege yana iya yi wa mai albasa tambaya da Hausa, ya juya ga mai saye da Yarbanci, ya rubuta da Turanci. Gidajen jarida na neman irinsa ruwa a jallo. Sai dai da yawansu ba su iya rubuta Hausar ba, don ba a koyar da ita a yawancin makarantun jihar. Ki ware labari ɗaya duk mako da za a rubuta da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu. Ki gaya musu cewa tun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na editanta, kuma jarida ta farko a ƙasar nan, Iwe Irohin ta 1859 a Abeokuta, da Yarbanci ta fara fitowa.

Akwai inda ba za ki tura su ba. Rikicin ƙabilanci, kamen 'yan acaɓa, zargin wani da sata, duk ba na yara ba ne. Mazauna Legas ba su manta da rikicin Mile 12 na watan Maris 2016 ba, wanda ya kai ga rufe kasuwar. Irin wannan a cikin aji ake nazarinsa: ki kawo saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, su binciko wa ya fara turo shi, yaushe, kuma wa ya gani da idonsa. Ki karɓi izinin iyaye a rubuce kafin kowace fita, kuma kada a ɗauki hoton kowa sai ya yarda, balle ƙaramin yaro.

Idan sun yi zango ɗaya suna wannan aiki, ki sa shugaban makaranta ya rubuta wasiƙar neman ziyara zuwa Cibiyar Koyar da Aikin Jarida ta Najeriya da ke Ogba, wadda aka kafa a 1963, ga ta nan kusa da ku. Gidan rediyon Jami'ar Legas da ke Akoka, mai watsa shiri a mita 103.1, shi ma wurin zuwa ne, don ɗalibai na koyon aiki a cikinsa. Su tafi da kwalayen jaridarsu a hannu, har da gurbin gyaran kuskuren, su nuna wa malaman can.