Mun dasa itatuwa 500, ba su kai 40 ba suka rayu: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan garinmu a arewacin Jigawa. Bara mun karɓo dashe 500, galibi darbejiya da turare, sai mangwaro kaɗan. Muka dasa su a bakin titi da filin firamare da maƙabarta a ƙarshen watan Agusta. Da farko sun yi kyau, amma kafin Afrilu waɗanda suka rage ba su kai 40 ba. Bana muna son mu sake. Me ya kashe su, kuma yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka wa ƙungiyarku da alheri. Abubuwa biyu a cikin tambayarka sun riga sun ba da rabin amsar: watan da kuka dasa, da yawan da kuka dasa.

A ƙarshen Agusta damina ta fara haramar tafiya a yankinku, ruwa yakan ɗauke kafin Satumba ya ƙare. Shi kuwa dashe yana bukatar sati shida zuwa takwas a ƙasa mai danshi kafin saiwarsa ta fita daga ƙasar da ta zo da ita a leda ta nutsa ƙasa. Naku sun sami sati uku ko huɗu. Koren da kuka gani a Oktoba ƙarfin da suka zo da shi ne daga wurin reno, da hunturu ya busa sai ya ƙare. Lokacin dashe shi ne da zarar damina ta zauna, wato a haƙa ƙasa kamu ɗaya a tarar da ita a jiƙe. A yawancin shekaru wannan cikin Yuli ne. Abin da ke jawo makara sau da yawa jiran ranar bikin ƙaddamarwa ne da manyan baƙi. In ana son biki, a dasa a kan lokaci, a ajiye dashe biyar a leda domin ranar taron.

Sai yawan. Daga Oktoba zuwa Mayu wata takwas ke nan babu ruwan sama. A ranin farko kowane dashe yana son kamar lita 10 sau biyu a sati, mangwaro ya fi haka. Ku yi lissafi: dashe 500 lita 10,000 ke nan duk sati, wato jarka 400 mai cin lita 25. Ƙungiyar matasa da ba ta da famfon kanta ba za ta iya wannan ba ko da wata ɗaya. Saboda haka kafin ku je karɓo dashe bana, ku zauna ku ƙirga jarka nawa za ku iya kaiwa duk sati a watan Maris, lokacin da rijiyoyi suka ja baya kuma 'yan ƙungiya da dama sun tafi ci-rani. In jarka 60 ce, itatuwanku 75 ne. Na fi son in ji kun dasa 75 an sami 60 a raye da ku sake jin daɗin faɗar 500.

Yadda ake ba da ruwan ma da magana. Yayyafi kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama tana jiran na gobe, ranar da aka yi fashi kuma rana ta ƙona ta. A zuba da yawa lokaci guda, da yamma, a cikin kwarin da aka kewaye gindin da shi, ruwan ya nutse saiwa ta bi shi. Inda ruwa ke wuya, a binne tulun ƙasa kusa da dashen, bakinsa a waje, a cika shi a rufe da murfi. Yana tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take. Wurin da ya fi kowane sauƙi shi ne inda ruwa ke zuba dama: magudanar wurin alwala a masallaci, bakin famfon unguwa, bayan gida inda ake wanke-wanke in ba a cika omo ba. Mangwaronku can ya kamata su je, ba bakin titi ba.

Ba ka ambaci shinge ba, kuma ina kyautata zaton akuya ta ci rabonta. Da an gama kaka aka saki dabbobi, ɗan koren da ya rage a gari shi ne dashenku. Akuya takan cinye kan tsiron, ta ɓare bawon, har darbejiya mai ɗaci ba ta bari in rani ya yi tsanani. Shingen da bai kai mita ɗaya da rabi ba, tana miƙewa da ƙafafun baya ta kai. Ƙayar magarya ko ta bagaruwa da aka ɗaura a jikin turaku huɗu tana aiki, sai dai a samo ta ta hanyar sassaƙe rassa, kada a sare wata bishiya don a kare wata. A cikin gari bulo ya fi daɗewa: a jera shi da tazara tsakani don iska da haske su shiga, a bar faɗin kamar mita ɗaya a ciki. Shingen kara shi ne mafi araha kuma shi ne mafi rauni, gara na cinsa, iska na kwantar da shi, wani lokaci ma a zare a hura wuta. A kafa shinge ranar da aka yi dashe, ba bayan sati ba. Ga fili babba kamar maƙabarta, a kewaye shi duka da aguwa, wadda ake kafa rassanta a ƙarshen rani kafin ruwa ya sauka, dabba kuma ba ta cinta.

Shi kansa dashen akwai kurakurai da ake yi ranar gayya, lokacin da kowa ke sauri. A haƙa ramuka tun kafin ranar, faɗi da zurfi kamar santimita 50, na mangwaro 60. Ƙasar sama a ajiye ta gefe guda, a cuɗa ta da taki ruɓaɓɓe kamar kwano biyu, ita za ta fara komawa ramin. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Dole a cire leda, abin mamaki har yanzu ana binne dashe da ledarsa. A yanke gindin ledar da reza kamar faɗin yatsa ɗaya, tare da saiwar da ta nannaɗe a can, sannan a tsaga gefe a zare ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Saiwar da aka bari a nannaɗe haka za ta ci gaba da zagaye kanta, bishiyar ta tsumbure ko iska ta tuge ta bayan shekaru. Wuyan dashen ya tsaya daidai da bakin ƙasa kamar yadda yake a leda. In an nutsa shi ya ruɓe. A danna ƙasar da ƙafa, a ba shi ruwa nan take. Wurin zaɓe kuma kada dogo ya ruɗe ku. Dashe mai santimita 30 zuwa 40 mai kaurin jiki ya fi wanda ya kai ƙugu ya daɗe a leda. In a mota za a ɗauko su, a lulluɓe, iskar hanya na busar da ganye cikin awa guda.

Gara ta fi kama dashen da ƙishi ya riga ya galabaita, kuma turare ne ta fi so. A barbaɗa toka a rami da kewayen gindi. Busasshiyar ciyawa da ake shimfiɗawa don riƙe danshi tana da amfani, amma a janye ta taƙi ɗaya daga jikin itacen. Turare dai ban ba ku shawarar sa ba a wurin da kuka bayyana: yana da shan ruwa, amfanin gona ba ya yin kyau kusa da shi, bai kamata ya kusanci rijiya ba. Don inuwa a titi da makaranta darbejiya ta isa, tazarar mita 6 zuwa 8, nesa da katanga kamar mita 5, kuma ba a ƙarƙashin wayar lantarki ba. Ku haɗa da namu na gida masu jure fari, tsamiya da kuka da kurna da aduwa. Suna da jinkirin girma, amma in sun kama sun kama. In filin faƙo ne da ruwa ke gudu a kansa, a haƙa rami mai siffar rabin wata, mai faɗin mita 2 zuwa 4, bakinsa na fuskantar inda ruwan ke gangarowa, a dasa a cikinsa.

Akwai wata tambaya da ya kamata a yi wa kowane rami kafin a haƙa shi: na wane ne? Itacen da aka ce na gari ne, ranar da shingensa ya faɗi kowa zai wuce. Ku rubuta suna a kan kowanne. Na ƙofar shago na mai shagon, na makaranta a raba wa azuzuwa tare da shirin wanda zai shayar lokacin hutu, na maƙabarta a yi magana da masu kula da ita. Ku sa mai unguwa da dagaci a ciki tun farko, a fayyace wanda zai ci 'ya'yan da wanda ke da ikon sassaƙe reshe. Mutum ya fi kula da abin da ya san shi zai mora.

In burinku ya wuce inuwar cikin gari, kuna son gonaki su farfaɗo, to hanya mafi araha ba ta bukatar leda ko jarka. A gonakinku akwai kututturan gawo da kalgo da sabara da magarya da ake sarewa duk shekara lokacin sharar gona, saiwarsu na nan da rai a can ƙasa. Manoman Maradi sun fara barin su tun wajen 1983, da ƙarfafawar wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, suna kiran abin sassaben zamani, kuma an ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A kowane kututture a zaɓi tsiro uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran da kaifaffiyar adda ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada bawo ya yage. Waɗanda aka bari a cire musu ƙananan rassa har rabin tsayinsu, a dawo bayan wata uku zuwa shida a sake gyarawa. Gawo ne ya fi dacewa a fara da shi, tunda yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Ku tanadi dashe ɗaya a kan kowane goma don cike gurbin waɗanda suka mutu a sati biyu na farko, ku nemi malamin daji na ƙaramar hukumarku ya duba filin da ramukan kafin ranar gayya. Ƙidayar da za ta shiga littafin ƙungiya a yi ta a watan Mayu mai zuwa, a rubuta kowane wuri daban da abin da ya kashe wanda ya mutu, ƙishi ne ko dabba ko gara.