Amsa kan harafin E da ke jikin fitilar mota

Malam Sani ka tambaya wai meye wannan E ɗin cikin da'ira mai lamba a gefe da ka gani a fitila da gilashin Golf ɗinka, ko lambar kamfani ce. A'a ɗan uwa, shaidar gwaji ce. Tun 1958 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a Janeba ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa in ƙasa ɗaya ta gwada fitila ko bel ko taya ta ce ya cika ƙa'ida to sauran su yarda, ba sai kowa ya sake nasa gwajin ba. Lambar kuma ƙasar da ta ba da shaidar ce, E1 Jamus, E2 Faransa, E6 Beljiyam, E43 Japan, shi ya sa za ka ga motar Jamus amma gilashinta da lambar wata ƙasa, ba matsala ba ce.

Ni abin da ke damuna namu na nan ne. Ran Alhamis muna dawowa daga kasuwar Maigatari fitilar wata mota ta kusa makantar da direbanmu, irin ta roba ɗin nan mai arha da ba ta da hatimin komai, haskenta sama yake kallo maimakon ƙasa, wallahi sai da muka sauka daga titi. In za ka canza fitila a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ka sa bakanike ya duba maka E ɗin, kuma ya saita ta a jikin bango da daddare kafin ka hau hanya.