Apolo da furen Sin: a dafa a sha, amma kada ya shiga ido

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Kin ce idon ɗanki ɗan shekara bakwai ya yi ja, yana tashi da kwantsa ta liƙe masa gashin ido, kuma Alhaji ya taho da busasshen fure da wasu 'yan kwalabe daga Sin, an ce masa maganin apolo ne. Kina tambaya ko ki dafa furen ki wanke masa ido. A dafa a sha babu laifi, amma kada ruwan ya shiga ido. Ni ba likita ba ne. Na daɗe ina aikin ejan a Guangzhou, ina raka 'yan kasuwarmu asibiti ina yi musu tafinta, kuma ciwon ya taɓa kama ni a can, don haka abin da na gani zan faɗa miki.

Idan furen ƙanana ne, fari ko ruwan ɗorawa, mai ƙamshi da ɗan ɗaci, to juhua ne. Sinawa shan sa suke yi kamar shayi, musamman mutanen lardin Guangdong, inda Guangzhou take, da ba sa rabuwa da jiƙe-jiƙen sanyaya jiki. A fahimtar likitancinsu na gargajiya, jan ido yana zuwa ne idan iska mai zafi ta shiga jiki, ko kuma zafi ya taso daga hanta, domin a wurinsu hanta da ido haɗe suke. Shi ya sa mai maganin zai ce ka fito da harshe, ya riƙe tsintsiyar hannunka yana jin bugun jini, ya tambaye ka barci da bayan gida, sannan ya hana ka yaji da soyayyen abu da naman rago. Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi wa mutanenmu ciwo, don rabin abincin Bahaushe a unguwar Xiaobei ta Guangzhou gasasshen rago ne.

Abin da aka rubuta mini haɗi ne: juhua, ganyen bishiyar da ake ciyar da tsutsar siliki, wani busasshen kan ciyawa da suke kira xiakucao, da wasu 'ya'ya masu sheƙi ruwan ƙasa. Ina tsaye mai haɗa maganin ya jawo durowa ɗaya cikin ɗaruruwan da ke jikin bango, ya ɗebo 'ya'yan ya zuba a ɗan ma'auninsa na tagulla, sai na ga ashe 'ya'yan tafasa ne. Tafasar nan tamu da ake kwaɗo da ganyenta, wadda ake tara 'ya'yanta buhu-buhu a Arewa ana fitarwa waje. Su suna soya su sama-sama su jiƙa su sha, suna cewa yana ƙara hasken ido. Yana kuma sakin ciki, don haka kada a cika wa yaro, mai juna biyu kuwa ta bar shi. Asibitin ne ya dafa haɗin ya ƙulla a 'yan ledoji, kullum in ɗumama ɗaya safe ɗaya yamma.

Akwai kuma sakiyar kunne. Ma'aikaciyar ta naɗe mini kunne, ta goge ƙololuwarsa da auduga, ta tsaga da 'yar allura, ta matse ɗigon jini kaɗan. Kamar dai aikin wanzami, sai dai allurar sabuwa ce daga leda. Na ji kaina ya yi sakayau a ranar, amma idon bai fasa ja ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne yadda aka fara duba ni, domin asibitin gargajiya ne fa. Kafin a yi maganar wani fure, likitar ta sa na ɗora haɓa a kan na'urar duba ido, ta ɗiga wani ruwa mai launin rawaya, ta haska da shuɗiyar fitila don ta ga ko baƙin idon ya sami rauni. Da ta tabbatar lafiya lau yake, sai ta ba ni maganin ɗigawa na kamfani a rufe, ta haɗa da na shan. Ba ta ce in tace jiƙon in zuba a ido ba. Tsofaffinsu a gida suna turara ido da tururin furen, wasu su wanke da ruwan, ban musa ba. Amma ruwan da aka dafa a tukunya aka tace da rariya ba ya rasa ɓurɓushi, da ya huce kuma ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama. Idon da ya riga ya kumbura ba ya jure wannan. Wasu ma jikinsu ba ya karɓar furen kwata-kwata, yana taɓa su sai ƙaiƙayi da kumburi su ƙaru.

To, maganin ne ya warkar da ni? Gaskiya ba zan ce haka ba. Yawancin apolo ƙwayar bairos ce ke kawo shi, kuma shi da kansa yake tafiya cikin mako ɗaya zuwa biyu, wani ya kai uku. Nawa ya tafi a daidai lokacin da na abokan zamana ya tafi, su kuwa ba su sha komai ba. Duk abin da mutum ya sa a kwana na biyar shi zai samu yabo, ko fure ne, ko ruwan sikari, ko nonon mai shayarwa. Jiƙon ya sa na sha ruwa da yawa, na rage yaji, na kwanta na huta, wannan kuwa ba ƙaramin amfani ba ne. Iyakar abin da zan shaida ke nan.

Yanzu kwalaben. Su suka fi damuna. A Sin akwai maganin ɗigawa na tsirrai da kamfanoni ke yi da izinin hukuma, irin na wani tsiro mai suna yuxingcao. Ki duba jikin kwalin, za ki ga lambar rajista mai harafi ɗaya da lamba takwas: Z na nufin na gargajiya, H na nufin na zamani. In babu wannan, ko babu ranar lalacewa, ko an riga an buɗe, ki jefar. In kin ga an rubuta dexamethasone, kada ki kusanci idon yaron da shi sai likita ya ce. Yana ɗauke ja nan da nan har ki yi murna, amma in akwai gyambo a baƙin ido sai ya ƙara ci, in an daɗe ana sawa kuma yana iya jawo hawan jinin ido. Wannan gargaɗin ya shafi na kemis ɗin unguwa ma.

In akwai ƙwayoyi ko gari na sha a cikin tsarabar, nan ma a yi hattara. Akwai sanannen haɗin da suke bayarwa don zafin hanta, Longdan Xiegan, wanda a da ake sa masa wani itace mai suna guanmutong. Ya lalata wa mutane ƙoda, har gwamnatin Sin ta hana amfani da itacen a 2003. Na yanzu mai rajista babu shi a ciki, amma wanda aka saya a ƙulle a leda ba wanda ya san abin da aka daka. Sai kuma huanglian, wata saiwa rawaya mai ɗacin gaske, da furen jinyinhua. Hukumar lafiya ta Hong Kong tana hana masu ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini, shan su, don suna iya farfasa musu jini, kuma wannan ƙarancin yana da yawa a cikin 'ya'yanmu maza ba tare da iyaye sun sani ba. In yaronki ya yi shawara yana jariri, wataƙila yana da wannan ƙarancin, don haka ki tsaya a kan juhua kaɗai, shi ma tsarara, rabin kofi.

Abin da za ki yi masa a gida ba shi da tsada. Ki tafasa ruwa zalla ki bari ya huce, ki jiƙa auduga ki share kwantsar daga wajen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa, ki yar. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan rufaffen ido yana rage raɗaɗi. A ware masa tawul da matashi, a ɗauke kwalli daga gidan gaba ɗaya har sai an warke, don mucciyar kwalli ɗaya tana iya zagaye gida da ciwon. Wanke hannu da sabulu, ke da shi, kuma ya huta da makaranta da Islamiyya har idon ya daina zuba.

Ki kai shi asibitin ido a ranar, ba jira, idan ya ce yana gani dishi-dishi, ko idon na masa zugi sosai, ko ya kasa buɗe shi a haske, ko kin ga farin tabo a kan baƙin, ko ruwan da ke fita mugunya ce mai kauri da ke dawowa da an share. Haka in mako ya zagayo abin sai gaba yake yi. In kuma akwai jaririn da bai kai wata ɗaya ba a gidan kuma idonsa ya fara kwantsa, wannan ba a gwada masa komai, asibiti kai tsaye, domin irin nasu yana iya cin ido cikin 'yan kwanaki.

Ki ɗauki hoton kwalayen gaba da baya, da takardar da ke ciki in tana nan, ki turo in karanta miki abin da aka rubuta.