Doka Za Ta Iya Tilasta Mini Jefa Ƙuri'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Funtuwa. Gardama ta kaure a majalisarmu, wani abokina ya dage cewa an yi dokar da za ta ɗaure duk wanda ya ƙi fita zaɓe. Ni kuma na ce ƙuri'a haƙƙina ce, in na ga dama in jefa, in ban ga dama ba in yi zamana a gida. Wa ke da gaskiya? Kuma ana iya tilasta wa mutum ya yi amfani da haƙƙinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kai ke da gaskiya, amma abokinka ma ba daga sama ya tsinci maganar ba. A watan Mayun 2025 wani ƙudiri ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai, wanda Kakakin Majalisar, Tajudeen Abbas, da Daniel Asama Ago suka ɗauki nauyinsa. Ƙudirin ya nemi a gyara Dokar Zaɓe ta 2022, a wajabta jefa ƙuri'a, a kuma ci wanda ya ƙi fita tarar da za ta iya kai naira 100,000, ko ɗaurin wata shida. Jama'a da lauyoyi suka yi masa ca, kafin watan ya ƙare Kakakin ya janye shi. Bai taɓa zama doka ba.

Tsarin Mulkin 1999 ya raba abubuwa biyu da mutane kan cakuɗa, wato haƙƙi da wajibi. Sashe na 77 ya ce ɗan ƙasa da ya cika shekara 18 kuma yake zaune a Najeriya yana da haƙƙin a yi masa rajistar zaɓe. Sashe na 24 kuwa shi ya jero abubuwan da suka wajaba a kan ɗan ƙasa, irin su bin tsarin mulki, taimaka wa hukuma wajen tabbatar da doka da oda, da biyan haraji a kan lokaci. Ka duba jerin daga sama har ƙasa, ba za ka ga jefa ƙuri'a ba.

Wannan bambanci ba baƙo ba ne a wajenmu. Wanda yake bin bashi yana da haƙƙin a biya shi, kuma yana da ikon ya yafe. Mace tana da haƙƙin sadakinta, in ta bar wa mijinta wani abu daga ciki da daɗin ranta, babu mai cewa ta yi laifi. Haka yawancin haƙƙoƙin tsarin mulki suke. Sashe na 39 ya ba ka 'yancin faɗar albarkacin bakinka, kuma a cikinsa akwai 'yancin yin shiru. Sashe na 40 ya ba ka damar shiga jam'iyya ko ƙungiya, ba wanda zai tura ka ciki da ƙarfi. Har wanda ake tuhuma a kotu, sashe na 36 ya hana a tilasta masa ba da shaida a shari'arsa.

Duk da haka akwai wuraren da doka kan sa hannu. Ilimi haƙƙin yaro ne, amma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa shi makaranta har ya gama ƙaramar sakandare, da hukunci ga wanda ya ƙi. Dalili shi ne yaro bai kai ya yafe haƙƙinsa da kansa ba, kuma uba ba shi da hurumin yafewa a madadinsa. Haka in kotu ta aiko maka da sammaci ka zo shaida, zuwa dole ne, domin haƙƙin wani ya rataya a kan bakinka. A nan ne masu son a wajabta zaɓe suke kafa hujja, su ce ƙuri'a ma shaida ce, kuma zamanka a gida yana shafar maƙwabcinka. Wasu malamai ma da haka suke kwatanta ta a wa'azi idan zaɓe ya gabato. Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba.

Kuma akwai ƙasashen dimokuraɗiyya da suka bi wannan hanya. Beljiyam ta wajabta zaɓe tun 1893. Ostareliya ta yi haka a 1924, bayan waɗanda suka fita zaɓen 1922 sun gaza kashi 60 cikin 100, a zaɓen 1925 kuwa adadin ya haura kashi 90. Tarar da suke ci a zaɓen tarayya dalar ƙasar 20 ce, kuma in ka kawo uzuri karɓaɓɓe, kamar rashin lafiya, an yafe maka. A Barazil dole ne ga masu shekara 18 zuwa 70, amma ganin dama ne ga 'yan 16 da 17, da waɗanda suka haura 70, da waɗanda ba su iya karatu ba. Holan kuwa ta gwada, ta soke a 1970. Abin lura a nan, tunda a asirce ake jefa ƙuri'a, iyakar abin da hukuma ke iya tabbatarwa shi ne ka je rumfa ka karɓi takarda. In ka saka ta a akwati ba ka zaɓi kowa ba, babu mai sani.

Ni ra'ayina, janye ƙudirin nan shi ne daidai, ko da yake damuwar da ta haife shi gaskiya ce. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 ke da rajista, amma kusan kashi 27 cikin 100 ne suka fita, alhali a 2003 an kai kashi 69. Wannan abin tayar da hankali ne. Sai dai ka yi lissafi, masu rajista fiye da miliyan 60 ba su fita ba. Wace kotu za ta saurare su, wane gidan yari zai ɗauke su? Dokar da ba za a iya zartar da ita a kan kowa ba, a kan talaka take ƙarewa, ta zama ƙofar karɓar na goro.

Sannan Ostareliya kafin ta ci ka tara ta riga ta sauƙaƙe maka hanya: kana iya jefa ƙuri'a makonni kafin ranar, ko ka aika ta gidan waya, ga jami'ai da ke bin asibitoci da ƙauyuka masu nisa da akwati. Mu kuwa akwai wanda 'yan bindiga suka raba da garinsu, rumfarsa tana can, shi yana nan. Akwai matar da ta yi sawu uku neman katinta ba ta samu ba. Akwai wanda ya wuni a rana a layi, ya ga an ƙidaya, washegari ya ji wani sakamako daban. Raina ba ya yarda a ce wa waɗannan su kawo naira 100,000.

Ni dai ina fita zaɓe, kuma ina roƙonka ka fita, musamman na kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha, inda 'yan ƙuri'u kaɗan kan sauya sakamako. In kuma wani ya ce sai ka nuna katin zaɓe ko tawadar yatsa kafin a biya ka albashi ko a ba ka rumfa a kasuwa, ka tambaye shi sashen dokar da ya dogara da shi, ka ce ya rubuta maka a takarda.