Kwanonin Inna da maganar kai su Gidan Makama

'Yata, na ga saƙonki tun shekaranjiya, hidimar masu zuwa gaisuwa ce ta hana ni amsawa. Kin tambayi dalilin kulle ɗakin Inna har sai an yi arba'in, kika ce me zai hana a kwashe tsofaffin kwanonin nan a kai Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano, tunda can ta yi aiki har ta yi ritaya.

Kulle ɗakin ba camfi ba ne. Daga lokacin da mutum ya cika, ko allurarsa ta zama ta magada. Sai an biya bashi, an fitar da wasiyya in ya bari, ita ma ba ta wuce kashi 1 cikin 3, sannan malami ya raba. Jiran arba'in kuwa al'adar gidanmu ce, don na nesa su iso, zukata su lafa. Addini bai ɗora mana ba, malamai da yawa ma sun fi son a gaggauta. Saboda haka ni da babanki ba mu da ikon kyautar da ko murfi ɗaya sai kowane magaji ya yarda.

Kuma abin da kika kira tsofaffin kwanoni, jerenta ne. A zamaninsu, kafin a kai amarya, gwaggwanni da ƙannen uwa ke zuwa su yi mata jere: tasoshi, langa, samira, kwalla, a ɗora wannan kan wannan har su kusa taɓa rufi. Iyayen yarinya ke saye, uwa kan fara tarawa da kuɗin adashi tun 'yar tana goye. Kayan na matar ne, miji ba shi da ko faifai a ciki. In aure ya mutu ta kwashe abinta, in rana ta ɓaci ta sayar da kwalla biyu ta rufa wa kanta asiri. Shekarar da aka kwantar da kakanku a asibiti, tasoshi uku Inna ta fitar, ba wanda ya ji sai ni da na kai su Kasuwar Kurmi. Gurbinsu na nan a jeren, ba ta taɓa cike shi ba.

Ba na ƙin shawararki. Gidan Makama gida ne mai daraja, tun ƙarni na 15 yake, Muhammadu Rumfa ya zauna a cikinsa kafin ya hau gadon sarautar Kano a 1463. Muna yara Inna kan shiga da mu ta wuce tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, ta tsayar da mu a ɗakin amaryar gargajiya da aka shirya a ciki. Abin da ya fi ɓata mata rai a aikin shi ne a kawo kaya ba a san mai shi ba, ba a san garin da ya fito ba. Takan yini tana bin tsofaffi da tambaya a kan akushi guda. Matar da ta yi wa kayan mutane wannan, Allah Ya jiƙanta, ba zan yarda a zuba nata a buhu a miƙa ba labari ba.

Iya ƙanwarta kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga ranar da aka yi jeren nan, ita ma ƙarfi ya fara ja. Ki zo ranar Asabar da littafi da biro, ki zauna gabanta ki gaishe ta yadda ya kamata, kada ki fara da tambaya. In ta sake, za ta gaya miki wacce tasa ce ta kakar Inna, wacce kuma aka sayo bayan haihuwar babanki. Ki rubuta duka. Ranar rabo ni zan kawo maganar Gidan Makama a gaban kowa, kuma in an ba ni rabona, farar samirar nan mai furen ja taki ce.

Ki gaida mamanki.